Akushin da Goggo Ba Ta Gama Shafa wa Mai Ba

Jama'a, abin da zan ba ku yau ba a tashar mota na tsinto shi ba, ba kuma wani ne ya ba ni na zo na ƙara masa gishiri ba. Wallahi tallahi da ni ya faru, da idona na gani, da rana kata ba cikin barci ba, kuma akwai mutum na biyu a wurin wanda ya girme ni ya kuma fi ni natsuwa. Shekaru sun ɗan ja, amma har yanzu in na zo ba da labarin da baki ba na iya kai shi ƙarshe, shi ya sa na ga gara in rubuta kawai.

A lokacin ina aiki a wani gidan adana kayan tarihi a cikin Sakkwato, iyalina kuma suna Bodinga, kullum da safe in hau babur in tafi, da yamma in dawo. Sashen da aka sa ni shi ne na kayan itace: turame, akusa, kujerun mata 'yan tsuguno, tsofaffin alluna, ƙyauren ƙofa masu zane, da irin su. Mutane in sun ji an ce gidan tarihi sai su ɗauka zama kawai muke muna korar ƙuda, ba su san itace jinya yake so ba. Ba a wanke shi da ruwa, ba a bari rana ta doke shi, ba a ajiye shi a ƙasa saboda gara, in za ka ɗauka sai da hannu biyu kana sanye da safar hannu, ƙura kuma da burushi mai laushi ake kaɗe ta a hankali. Babbar dokar da ta fi kowace kuwa ita ce ba a shafa masa mai. Shugabana, Malam Bello, wani dogon dattijo mara son wasa a bakin aiki, in ya gan ka da kwalbar mai a ɗakin ajiya to ranar ka shiga uku. Yakan ce mai yana daɗewa ya yi wari, ya kama ƙura, ya jawo ƙwari, kuma in ya shiga cikin itace ba mai iya fito da shi.

Babban abokin gabarmu bayan gara shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke shiga cikin itace ya yi ta ci daga ciki. Ba ka ganinsa. Sai dai ka ga 'yan ramuka kamar an soka allura, ka kuma ga gari ya zuba a ƙarƙashin abin. Daga waje kaya lafiya lau, ran da ka ɗauka sai ya ruguje maka a hannu.

To ku riƙe wannan, bari in gaya muku wace ce Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce, tana aure a Mandera ta ƙasar Shagari. Allah ya ba ta haihuwa amma ba wanda ya tsaya, duk tun suna goye suke komawa. Da aka yaye ni sai mahaifina ya ɗauke ni ya kai mata, ya ce ga nata. Saboda haka ni ban san wata uwa ba sai ita, ita ta yi mini tsarki, ita ta yi rigima da mijinta har aka sa ni boko, ita ta sayar da tunkiyarta ranar da zan tafi makarantar gaba da firamare. Mijin nata, Baba Ummaru, manomi ne, gero da damina, albasa da rani. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba har ta bar duniya, Malam take cewa.

Baba Ummaru yana da akushinsa na cin tuwo wanda ya gada wajen mahaifinsa. Na icen danya ne, baƙi wuluk, mai faɗin baki, kuma a gefen bakin akwai wata tsohuwar tsaga da aka ɗinke da waya tun kafin a haife ni. Ba mai cin abinci a ciki sai shi, ni sai dai ragowa, kuma wallahi ragowar akushin nan ta fi mini tuwon da ke kwanona daɗi. Da Allah ya yi masa rasuwa kowa ya ɗauka za a rataye akushin, sai Goggo ta ƙi. Kullum bayan magariba sai ta zuba tuwo a ciki, ta rufe da faifai, ta aika ƙofar masallaci don duk baƙon da ya sauka garin ya ci, ladan sadakar ya je wa Malam. Takan ce muddin akushin ga na hita, gidan Malam bai mutu ba.

Ranar Juma'a kuwa ranar mansa ce. Da hantsi ya ɗaga sai ta zauna bakin ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a cinya, ta jawo kwalbar man shanunta wanda take soyawa da 'yar albasa. Goggo bahaguwa ce, an dai doke ta tana yarinya har ta koyi ci da dama, amma duk wani aiki na so da hagu take yi. Kuma ɗan yatsanta na tsakiya lauje ya taɓa sare shi wajen yankan ciyawa, ya warke a sanƙare, ba ya sauka kan abu. Saboda haka in ta lakato mai ta ja, sawun da take bari daban yake: layi ɗaya, sai fili, sai layi biyu. Kullum daga wurin ɗinkin wayar nan take farawa, ta bi ta hagu tana zagayawa a hankali tana salati ƙasa-ƙasa, sai ta dawo inda ta faro sannan ta sa tafin hannu ta murje. Tun ina rarrafe nake kallon wannan.

Da na fara aiki, kai ya ɗau zafi da sabon ilimi, sai na je na ce mata ai mu a wurinmu haramun ne a shafa wa itace mai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har da hawaye.

"To likitan icce, mun ji," in ji ta. "Iccen gwamnati ba shi da uwa, shi yas sa ba a shafa mashi mai. Wanga yana da uwa tai."

Daga ranar sunana ya koma likitan icce a bakinta, har gaban matata da 'ya'yana, ni kuma ban sake tayar da zancen ba.

Wata bazara, lokacin an gama cire albasa zafi ya yi zafi, na je gaishe ta ranar Asabar kamar yadda na saba. Muna gama gaisawa sai ta kira ni cikin ɗaki ta saki labule, irin yadda ake yi in za a gaya maka wani naka ba shi da lafiya. Ta ɗaga akushin daga kan faifan da yake kife, sai ga gari a zube, fari-fari kamar na gero. Na karɓa na juya shi wajen haske, ga ramukan nan sababbi a gindinsa, na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa sai wani garin ya zubo mini a wando. Ta ce tun wajen ƙarshen sanyi take sharewa yana dawowa, wasu sun ce ta zuba masa fiya-fiya, wasu sun ce kananzir, ita kuwa ta ce abin da bayin Allah ke cin tuwo a ciki ba za ta zuba masa guba ba. Ta tambaye ni gaskiya. Na gaya mata gaskiya, cewa in aka bar shi haka ba lalle ya ga wata bazarar ba.

Ta shiga shafa bakin akushin. Can ta ce ni da nake jinyar iccen gwamnati shekara da shekaru, to ga mara lafiya a gidanmu, in ɗauka in je in yi masa abin da ake yi. Da hannunta ta naɗe shi a wani tsohon zanenta, ta raka ni har bakin babur, ta sa na kwance ɗaurin na sake ɗaurewa saboda bai yi mata ba.

Ranar Litinin na kai wa Malam Bello ina ɗari-ɗari, don ba kayan gwamnati ba ne. Ya sa safar hannu ya ɗauka, ya daɗe yana juya shi, ya yi tsaki a kan man da ya sha shekara da shekaru, sannan ya ce irin wannan sassaƙar ta ƙare a duniya, a yi masa aiki. Hanya biyu muke da ita. Ko a sa abu a firiza sanyi ya kashe ƙwarin, to wannan da irin wutar lantarkinmu ba a ma farawa. Ko kuma a sa shi cikin wata leda mai kauri, a jefa wasu 'yan ƙunshi na magani da ke shanye iskar ciki ƙaf, a liƙe bakin da inji mai zafi, a bar shi makonni har ƙwaron da ƙwansa su mutu don rashin numfashi. Sharaɗin ɗaya ne, ba a buɗewa kafin lokaci. Ko hudar allura ce ta samu ledar, aiki ya tashi a banza. Kuma ƙunshin maganin nan ragowar wanda wasu masu ba da horo suka bar mana ne, su ke nan suka rage a gidan, in suka lalace ba inda za mu samo wasu. Muka liƙe tare, Malam Bello ya sa hannu da alƙalami a kan bakin liƙin yadda in an taɓa za a gane, muka ɗora a kan kantar ƙarfe a ɗakin ajiya.

Ba a yi nisa ba sai Luba ta bugo mini waya. Luba matar ɗan ƙanen Baba Ummaru ce, gida ɗaya suke, ita ke kula da Goggo. Ta ce zazzaɓi ya kayar da ita, an kai ta asibiti a Shagari an yi mata ƙarin ruwa an dawo, amma ba ta cin abinci. Ta ce ita dai a ganinta tun da akushin nan ya bar gidan tsohuwar ta canza. Tuwon masallaci ana kai shi a kwanon samira, Goggo ba ta ko kallonsa in za a fita da shi, ranar Juma'a kuma sai ta fito da hantsi ta zauna bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, hannuwa a cinya ba komai, har rana ta kore ta.

Na shiga zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Bodinga da Mandera har babur ɗina ya fara kuka. Kowane zuwa sai in tarar ta ƙara zubewa. Ran wata Laraba na tarar da ita kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a kan gadon, idanu sun zurma, sai zuciyata ta karye. Na durƙusa na ce mata gobe da sassafe zan je in yanka ledar nan in kawo mata akushinta, ƙwari su yi abin da za su yi. Wallahi da gaske nake, ko Malam Bello zai kore ni.

Sai ta kama wuyan hannuna da hagunta, da wani ƙarfi da ban san tana da sauransa ba.

"Kak ka taɓa ledar ga," in ji ta. "Ka buɗe in gan shi kwana biyu, sannan ƙwari su canye shi bayana? Ni tsuhwa ta ad damuna, ba ta da magani. Shi yana da magani. Bari shi warke."

Na ce to Goggo, ai saura kaɗan, ranar Asabar mai zuwa lokacinsa ke cika, da kaina zan kawo shi in ɗora mata a cinya. Ta ce Allah shi kai mu. Sannan ta ce abin da ke damunta kawai Juma'o'in da suka wuce bai ga mai ba, ga zafin nan, ta san yana jin ƙishi. Na yi ƙoƙarin yin dariya na ce ai likita ya hana. Ita ma ta murmusa, ta ce in tashi in koma in tsare mata shi, kar in zauna ina kallonta awa ban taɓa ganin tsohuwa ba. Ta sha kunu 'yan ludaya a gabana don hankalina ya kwanta, ni kuwa ya kwanta, na tafi.

Ranar Juma'a da hantsi, al'adarmu mukan zagaya ɗakin ajiya mu duba kaya kafin a tashi a tafi masallaci. Ɗakin nan ba taga a buɗe, ƙofar ƙarfe ce, makulli kuma a aljihun Malam Bello yake kwana. Shi ya buɗe, ina bayansa. Yana tura ƙofar sai ya tsaya cak ya juyo ya harare ni, ya ce wa ya shigo da mai ɗakin nan. Kafin in ba shi amsa ni ma ya doki hancina. Ƙanshin man shanu ne soyayye, da 'yar albasa a ciki. Jama'a, kowa ya san ƙanshin ɗakin uwarsa.

Muka nufi kantar. Ledar tana nan yadda muka bar ta, ta manne jikin akushin saboda iskar da aka shanye, sa hannun Malam Bello yana nan a kan liƙin ba abin da ya taɓa shi. Amma ta cikin ledar, a bakin akushin, daidai wurin ɗinkin wayar nan, itacen yana sheƙi. Sabon mai ne, jiƙe. Na ce a raina zafi ne ya narko da tsohon man da ya sha, har na buɗe baki zan faɗa, sai Malam Bello ya riƙe mini kafaɗa ya nuna da haɓa.

Sheƙin tafiya yake yi.

Na rantse da wanda raina ke hannunsa, muna tsaye muna kallo yana ci gaba ta hagu, a hankali, ya ɗan tsaya kamar an koma lakato wani man, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Ledar ba ta motsi, akushin ba ya motsi, ba hannu, ba inuwa, ba komai. Na sunkuya na kai fuskata kusa. Layi ɗaya, sai fili, sai layi biyu. Ban san lokacin da na ce "Goggo" da ƙarfi ba. Malam Bello yana bayana yana ta jan innalillahi, mutumin da ban taɓa ganin ya razana ba ko ranar da maciji ya fito daga cikin turmi.

Abin mamaki ban ji tsoro ba a lokacin, sai daga baya. Abin da na ji shi ne kamar ina yaro ina zaune gefenta a bakin ƙofa. Ina bin sawun da ido ina cewa a raina zagaya Goggo, zagaya. Ya wuce kwata, ya doshi rabi, sai tafiyar ta fara rauni, layukan suka fara sirancewa suna karkacewa. Da ya kai wajen rabin bakin akushin sai ya ɗan zame ƙasa, ya tsaya. Muka jira. Muka ƙara jira. Bai sake motsawa ba.

Ni na riga na sani tun kafin wayar ta yi ƙara a aljihuna. Ina ɗauka na ji kukan mata, Luba ta ce sai haƙuri, Goggo ta cika yanzun nan.

Ban san yadda na kai Mandera ba, Malam Bello ne ya hana ni hawa babur ya sa aka kai ni a mota. Na samu jana'iza bayan an sauko Juma'a, da hannuna na sa ta a kabari. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, ina ma zan fara. Sai da yamma, mutane sun ragu, Luba ta aiko a kira ni, ta tsuguna nesa kaɗan ta ce akwai abin da ya tsaya mata a rai, ba ta san wa za ta gaya wa ba sai ni. Ta ce tun asuba Goggo ta daina magana, ido a rufe. Da hantsi ya ɗaga sai ta ga ta miƙe ƙafafu, hannunta na dama ya lanƙwashe a kan cinya kamar ta tallafi wani abu, na hagun kuma ya shiga zagayawa a iska a hankali, leɓɓanta na motsi. Luba ta kama hannun za ta mayar da shi, Goggo ta fizge. Sai ta ƙyale ta, ta zauna tana yi mata kalmar shahada, hannun na ta tafiya har ya faɗi.

"Yaya, da munka zo yi mata wanka," in ji Luba, "yatsunta na hagu duk mai na. Sai da munka sa sabulu. Kuma wallahi kwalbar tana cikin kwalla a ɗaure, ni na ɗaure ta, tun da ta kwanta ba wanda yat taɓa."

Sai a lokacin na yi kuka, irin kukan da namiji ba ya so a gani. Kwana ɗaya ya rage, jama'a. Kwana ɗaya tak in kawo mata abinta.

Bayan an yi addu'ar uku na koma aiki, muka yanka ledar ni da Malam Bello. Muka kife akushin a kan baƙin ƙyalle, muka ƙwanƙwasa, muka bar shi kwanaki muna dubawa. Ko ƙwayar gari ba ta sake zubowa ba. Ya warke sarai, yadda ta so. Man kuwa yana nan a rabin bakin, da sawun yatsunta. Malam Bello ya ɗauko auduga bisa sabo zai goge, ya kai hannu, sai ya fasa ya ajiye. Ya ce wannan ba namu ba ne, in naɗe in kai gida, kuma kar in yi ta yawo da zancen don za a ce mun taɓu. Na riƙe masa wannan har Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na dai taɓa tambayar wani malami a Bodinga da nake ɗaukar karatu wurinsa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah shi ya bar wa kansa sanin wannan, in yi ta yi mata addu'a, kuma kar in mai da akushi wani abin da ba shi ba. Na karɓi wannan, ni ma ban ce ga abin da ya faru ba, abin da na gani kawai na faɗa.

Dangin Baba Ummaru sun ce in riƙe shi. Yana ɗakina a Bodinga a kan kanta, nesa da ƙasa, nesa da rana, kuma tuwon baƙi ina sa a kai masallacin unguwarmu da sunan su biyun, amma a kwano. Rabin da ta shafa har yau bai bushe ba, bai yi wari ba, ƙura ba ta kama shi, duk abin da na koya a wurin aiki ya ce hakan ba ya yiwuwa. Ɗaya rabin kuwa ya yi fari-fari, bara da bazara ma na ga wata siririyar tsaga ta fara fitowa a bakinsa. Matata ta ce in ba ta ta ƙarasa shafawa, ko ni in ƙarasa, tunda dai ba na gwamnati ba ne. Na sha lakato man in zauna da shi a cinya. Amma in an gama zagayawa sai an murje da tafin hannu, in na murje kuwa sawun yatsunta ya tafi, kuma shi kaɗai ya rage mini. Sai in tashi in wanke hannuna.

Shawarata gare ku, in kuna da tsoho a gida da wani abin da yake lallaɓawa, ko kujera ce, ko allo, ko tsohon ludayi, kar ku raina, kar ku yi masa dariya, ku tambaye shi me yake yi masa kuma wace rana. In larura ta sa za ku raba su, ku yi sauri ku mayar. In kuma tsohuwa tana kwance ta ce muku ku tashi ku koma bakin aiki ta ji sauƙi, ku ce to, amma ku nemi wuri ku zauna.

Ni dai duk ranar Juma'a in hantsi ya ɗaga, nakan sauko da akushin in ajiye a kan tabarma bakin ƙofar ɗaki, in kwance murfin kwalbar mai in ajiye ta gefen hagu, in ja 'ya'yana mu koma zaure. Na sani, ba sai kun gaya mini ba, wanda ya tafi ya tafi. Amma Goggo ba ta taɓa barin aiki rabi ba, shi ya sa har yau in na dawo sai na duba.